Gurasar Masara a Tashar Nguru

Birnin Meksiko
10 ga Nuwamba, 1973

Zuwa ga yayata, Ya Kaltum,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Talatu mai taya ki aiki, da duk masu cin abinci a rumfarki ta tashar jirgi. Ina gaida Malam Festus akawun kaya, don na san shi zai karanta miki wannan takarda. Ni lafiya ƙalau nake, sai dai garin a kan tudu yake ƙwarai, in na hau bene sai na tsaya ina haki kamar tsoho.

Kin ce in na iso in fara ba ki labarin abinci kafin na karatu, to ga shi. Makonnin farko ban ci komai ba sai burodi da shayi da ayaba. Tsoron alade ya hana ni sakewa, domin an ce har a wake suna zuba kitsensa. Sai da na ƙara wa bel ɗina huda. Da wani ɗan Sudan da muke koyon noman alkama tare ya ga ina neman ƙarewa, sai ya koya mini yadda ake cewa ban da alade, ban da kitsensa, ya ja hannuna muka shiga gari.

Ya Kaltum, in aka ajiye Kano a cikin garin nan unguwa ɗaya za ta zama, kuma kowane lungu akwai mai soya wani abu. Mun fara da wani babban gida a tsakiyar birni, mai farin ƙyalle a kan tebur, masu kawo abincin sun fi ni ado. Aka kawo mini kaza a cikin miya baƙa ƙirin, wai barkono iri-iri ne aka haɗa da cakulan. Na cinye don kunyar wanda ya kai ni, amma har yau ban yanke hukunci ba ko miya na sha ko alewa. Sai wani wuri kusa da babbar kasuwa inda ba a sayar da komai sai kifi. Suna gasa shi da tafarnuwa, su matsa lemon tsami, su jera maka yaji kala-kala ka zaɓa. Na zaɓi koren, don na ɗauka shi ne mai sauƙi. Ni da nake aikin gona a Gashua, garin barkono, sai ga ni ina share hawaye a gaban mutane.

Amma inda na tare shi ne wurin wata tsohuwa, Donya Amparo. Donya ɗin kamar mu ce Ya ne. Rumfa ce a bayan kasuwa, benci biyu da labule. Gajeruwa ce mai furfura, kuma in mutum ya rage abinci sai ta yi masa faɗa, kamar wata da na sani a Nguru. Da ta gane ba na cin alade sai ta ware mini 'yar tukunyar wake da farin mai. Daga bayan labulen nan kullum tafi kake ji, taf-taf-taf, har na ɗauka biki ake yi. Ashe mata ne ke tafa gurasar masara a hannu. Tortiya suke ce mata. Ba ta da kauri, faɗinta kamar tafin hannu, ba mai ba yis, da ɗuminta ake kawo ta a cikin ƙyalle. Ita ce cokali, ita ce tuwo. Ka yaga ka ɗebi wake, ko ka naɗe nama a ciki, ba ta karyewa. Duk wanda zai zo garin nan ya tambaye ni inda zai ci, can zan tura shi.

Matata Saudatu ta rubuto mini daga Gashua cewa kogi ya janye tun kafin lokacinsa, gero kuma ba a ɗauki abin kirki ba. Ki gaya mini gaskiyar yadda kuke.

Ƙanenki,
Laminu


Nguru
5 ga Disamba, 1973

Laminu ƙanena, wushe.

Festus ne ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana. Lafiyarmu ƙalau, ban da gwiwar nan da ka sani. Talatu tana gaishe ka. Saudatu ta aiko mini da busasshen tattasai, ta ce yara suna lafiya.

Wato ka haye ruwa ka haye ƙasa, ka je ka nemo mace mai faɗa irina ka zauna a gabanta. Allah ya ƙara. Ita kuwa miya da cakulan kada ka sake ba ni labarinta, zuciyata tashi take yi.

Ka ce in gaya maka gaskiya, to saurara. Gero ya ɓace a Nguru. Ɗan abin da ke shigowa kasuwa ba na mai sayar da abinci ba ne, sai dai ta duba ta wuce. Mutanen Machina da na Yusufari sun sauka a bakin tasha da ragowar dabbobinsu. Abin da jirgi ke kawowa yanzu wata masara ce rawaya ta agaji daga ƙasar waje, ita ce kaɗai hatsin da hannuna yake kaiwa. Tauri kamar tsakuwa, ga warin buhu. In aka surfa rabi ya tafi a dusa, hannun Talatu duk ya yi kanta. Tuwon kuma sai ya fito garas-garas, ba ya haɗuwa, ko ka tuƙa har kafaɗarka ta cire. 'Yan reluwe da suka yi shekara da shekaru suna cin burabuskona yanzu daga nesa suke gaishe ni, su wuce wurin mai garin rogo. Ban ga laifinsu ba. Jiya tukunya ɗaya na ɗora, ita ma ba ta ƙare ba.

Ka san ƙa'idar tasha. Rumfar da ta daɗe a rufe wani ake ba wurin, kuma masu jira suna nan da yawa. Tun rasuwar mijina a rumfar nan nake, a cikinta ka yi wayo, a cikinta na yi furfura. Saudatu ta ce in abin ya ƙi in koma wurinsu Gashua. Allah ya saka mata da alheri, amma ni ban iya zama a tsakar gida ina jiran a miƙo mini kwano ba. Tsoron haka nake ji, Laminu, na gaya maka.

Shi ya sa maganar gurasar nan ta tsaya mini a rai. Ka ce masara ce zalla, ba mai, kuma tana naɗuwa ba ta karyewa. Ni na san masara, ba ta da danƙo. Akwai abin da matan nan suke yi mata. Man gyaɗa ya yi tsada, itace ya yi tsada, abin da ba ya son mai shi nake nema. Ka bincika mini, ka rubuto dalla-dalla.

Yayarka,
Kaltum


Birnin Meksiko
6 ga Janairu, 1974

Ya Kaltum,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, har bel ɗina ya koma hudarsa ta da. Takardarki ta tayar mini da hankali, Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Maganar gurasa kuwa ki kwantar da hankalinki, abu ne mai sauƙi. Na tambayi Donya Amparo daga inda nake zaune a benci, ta shiga bayan labule ta fito da wani farin gari a tafin hannunta, kamar kanwa. Da shi suke dafa masarar, sai su markaɗa, su tafa, su gasa a kasko. Shi ke nan. Ke da kike zaune a garin kanwar ungurnu, wa zai gaya miki kanwa? Na san kafin takardar nan ta huce a hannun Malam Festus kin riga kin gano sauran.

Bari in ba ki labarin Sallarmu. Mu Musulmin da ke cikin ɗaliban muka haɗu muka sayi rago a wani ƙauye bayan gari, ɗan Sudan ya yanka, muka ba wani mai gashi da ya yi suna a wurin. Rami suke haƙawa, su ƙona itace a ciki har duwatsu su yi ja. Sai su ajiye tukunya a ƙasa, su naɗe naman a wani ganye mai kauri da ƙaya a gefe, su ɗora a kai, su rufe da ƙasa ya kwana. Da safe aka tone. Ya Kaltum, nama da kansa yake sauka daga ƙashi, romon da ya ɗiga a tukunya kuma aka zuba mana a kofi da albasa da lemon tsami. Mutane daga birni suke cika mota su zo ranar Lahadi don wannan kawai. Na sa shi na biyu, bayan Donya Amparo, ya ture mai kifi zuwa na uku.

Akwai kuma wata mai kunu a bakin tashar bas, kunun masara da kirfa, da sassafe take fitowa. Bai kai naki na tsamiya ba, amma yana kashe kewa.

Ki gaida Talatu da Malam Festus.

Naki,
Laminu


Nguru
3 ga Fabrairu, 1974

Laminu,

Muna lafiya. Na ji ka ci rago, Allah ya sa ya zauna a jiki. Mu bana akuya muka haɗu muka yanka da maƙwabta, da aka feɗe ta ba a sami kitsen da za a soya hantarta ba.

Na gwada abinka mai sauƙi. Na dafa masara da kanwa har ta yi laushi, muka markaɗa, sai ta zama kamar ƙaro, ta manne a hannu ta manne a kasko. Na ce ko kanwar ce ta yi kaɗan, na ƙara. Ta fito kore-kore tana warin sabulu, ga ɗaci, ko awakin baƙin da ke bakin tasha sun shinshina sun bar ta. Na sake gwadawa da gari a maimakon tsaba, wannan kuwa tun a hannu ta farfashe. Ban sa wa kowa a kwano ba, ban yi lalacewar da zan ba mutane abin da ni ban iya haɗiyewa ba. Amma hatsi na zubar, Laminu, a shekarar da mata ke tone gidan tururuwa suna neman tsaba. Da na kai bayan rumfa na zubar sai da na waiga ko wani yana kallona.

Ka ce daga benci ka tambaya. Ai na gani. Na san ni na hana ka zuwa kusa da murhu tun kana yaro, da muciya nake korarka, don kada 'yan tasha su ce ƙanen Kaltum ɗan daudu ne, kuma ko yau aka dawo haka zan yi. Amma ban ɗaure maka baki ba. Kanwar nawa ake sawa? Dahuwar har ina? Ana wankewa ko da ruwanta ake niƙawa? A ranar ake niƙawa ko kwana take? Wannan na tambaye ka, ban tambaye ka wanda ya zo na biyu da wanda ya zo na uku ba.

Yanzu yini ɗaya nake buɗewa in rufe yini ɗaya. Ina jiran amsarka.

Kaltum


Birnin Meksiko
9 ga Fabrairu, 1974

Ya Kaltum,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarki ba tukuna, na san hanya ce. A gurguje nake rubutu, domin gobe za a kwashe mu zuwa arewacin ƙasar, inda manyan gonakin alkama suke, sai ƙarshen watan gobe za mu dawo. In kin ji shiru kada ki damu.

Ranar Lahadi mun je wani wuri a gefen birni inda ake yawo a kwale-kwale, mata suna bin mutane a nasu ƙananan jiragen da murhu a ciki, suna miƙo abinci ta kan ruwa. Na ci wani abu kamar alala, amma na masara, a naɗe cikin ɓawonta, da kaza da koren yaji a tsakiya. Sai da na sa matar ta rantse ba kitsen alade. Na tuna masu kifi a bakin kogin Gashua.

Na tabbata yanzu gurasarki ta karɓu, har ina hango 'yan reluwe sun yi layi. Gaskiya wanda ya ga abin da matan garin nan suke yi da masara, in ya tuna tuwonmu sai tausayi ya kama shi.

Sai na dawo.

Laminu


Nguru
9 ga Maris, 1974

Malam Laminu,

Ina gaisuwa. Wannan ni ne Festus da kaina, ba Ya Kaltum ta sa ni ba, kuma in ta ji na rubuto za ta yi mini faɗa.

Takardarka ta kwale-kwale ta zo farkon watan nan. Na lura ka rubuta ta kafin ka ga tata, na gaya mata haka, amma ba ta saurare ni ba. Da na kai inda ka ce in an tuna tuwonku sai tausayi, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, “To, yanzu kuma abin tausayi ne.” Na san ba ita kake nufi ba, amma lokacin tana zaune ne a gaban tukunyar tuwon da ba wanda ya saya.

Washegari ta kife tukwane, ta ɗaure ƙofar rumfa da igiya, ta sallami Talatu, ta hau motar Gashua. Tana gidanka yanzu. Na je wurin shugaban tasha, shi ma ya daɗe yana cin abincinta. Ya ce zai riƙe mata wurin zuwa tsakiyar watan Mayu, bayan nan ba yadda zai yi, don akwai mai shayin da kullum yana ƙofar ofishinsa.

Ni tun da na zo Nguru daga Uromi, ban iya ko sannu ba, a hannunta nake ci. Yanzu garin rogo nake jiƙawa a ofis. Malam Laminu, kai ne a garin da aka san abin nan. Tambayoyin da ta yi maka ba su da yawa.

Naka,
Festus


Birnin Meksiko
8 ga Afrilu, 1974

Saudatu, ina gaishe ki da yara, taki takardar tana tafe daban. Wannan ta Ya Kaltum ce. Ki kori yara waje ki karanta mata ita kaɗai, kuma abin da ke ciki kada ya wuce ku biyu. In ya kai ofishin gona ba ni da sauran fuska a Gashua.

Ya Kaltum,

Ina gaishe ki, ina tambayar gwiwa. Na dawo na tarar da takardarki da ta Malam Festus tare, na karanta su a tsaye. Ki yafe mini. Masarar agajin nake wa tausayi, ba hannunki ba, amma wanda yayarsa ke zubar da hatsi saboda amsar da ya bayar daga benci ba shi da bakin kare kansa. Na ji kunya ƙwarai.

Na tafi wurin Donya Amparo da ɗan yarensu da na tsinta, na gaya mata ina da yaya mai rumfa irin tata, fari ya ci ƙasarmu, masara ta gagare ta. Na fito da takarda da alƙalami na ce ta faɗa mini in rubuta. Ta dubi alƙalamin, ta dube ni, ta karɓe shi ta jefa a aljihunta. Sai ta ɗaga labule ta ce in shiga. Na tsaya. Ya Kaltum, har ga Allah sai da na ji kamar muciyarki na bayana. Su ma nan maza ba sa tafa gurasa, matan da ke ciki da suka gan ni sai da ɗaya ta zauna a ƙasa don dariya. Donya Amparo ta ɗaura mini zanen aiki a ƙugu, ta nuna mini dutsen niƙa, irin namu ne sak sai dai yana da ƙafafu. Na durƙusa. Tun ranar kullum da asuba ina can kafin in tafi aji. Yatsuna duk sun ƙone, gwiwata ta yi baƙi.

Ga yadda ake yi, kuma da hannuna na yi. Farin garin nan ba kanwa ba ne, irin farar ƙasar da magina ke jiƙawa ce. Amma ta ce a ƙauyensu tokar murhu suke sawa, ta sa na koya da ita tun da ita kike da ita. Ki tankaɗe tokar itace mai tsabta, mudun toka ga mudun masara, ki dama da ruwa ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan saman ki zuba tsabar a ciki ki ɗora. Ba surfe, ba abin da zai tafi a dusa. Kada ki bari ta dahu, nan abin ya ɓaci a wancan karo. Ki riƙa ɗauko ƙwaya kina murzawa. Da zarar fatar ta saluɓe, in kin ciza kuma cikin da sauran fari da tauri, ki sauke. Ki rufe ta kwana a ruwanta. Da safe ki wanke kina cuɗawa kina sake ruwa, har santsin ya tafi, ruwan ya fito garau. Warin buhun ma a nan yake tafiya.

Sai a niƙa a dutse tana jiƙe, a maimaita, ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, har ƙullin ya yi laushin fatar kunne kuma ba ya manne wa hannu. Ki mulmula kamar ƙwan kaza, ki jiƙa hannu, ki riƙa tafawa kina juya shi. Kasko ya yi zafi sosai, ba mai. In gefen ya fara bushewa ki juya, ki jira, ki sake juyawa. In ta kumbura a nan to ta yi. Tawa ta farko da ta kumbura, Donya Amparo ta ɗauka ta cinye a gabana, ni kuwa daɗi ya hana ni cin abinci ranar.

Yajin kuma ga shi a gidan da kike zaune. Ki gasa tattasai da albasa da tumatir a kaskon nan har su yi baƙi-baƙi, ki niƙa da gishiri. Da shi da ɗan wake, an gama.

Ki koma Nguru, Ya Kaltum. Gidana gidanki ne, amma na san ba barci kike yi a cikinsa ba.

Ƙanenki,
Laminu


Nguru
19 ga Mayu, 1974

Laminu ƙanena, wushe, wushe da aiki.

Ka ga daga inda takardar nan ta fito. Festus ne ke rubutawa, yana wani murmushi, na ce ya mai da hankali. Muna lafiya. Na baro Saudatu da yara ƙalau, yarinyar nan ta riƙe ni kamar uwarta, amma zaman ya ishe ni, har shara nake ƙwacewa a hannunta.

Saudatu ta kori yara ta karanta mini kamar yadda ka ce. Na ɗaure fuska har aka kai inda aka ɗaura maka zane. Nan na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga nan kuma sai kuka, ban san inda ya fito ba. Na yafe maka. A ranar na sa aka tara mini tokar unguwa. Gurasar farko ta ƙone, don kaskon Saudatu ba shi da kauri. Ta biyu ta kumbura. Yaranka suka cinye kafin in ɗanɗana, sai da na ɓoye ɗaya a zanena.

Yanzu ga abin da ba za ka so ba. Da na dawo na kira Talatu, sai na ga dole a sake karanta takardar a gaban murhu, don in na faɗa da ka zan tsallake wani abu. Na ce Festus ya karanta daga inda aka fara bayani. Shi kuwa ya fara daga sama, da muryar nan tasa ta kiran taragu. 'Yan dako suna zaune a inuwar rumfa. Kafin azahar duk tasha ta san malamin gona ya durƙusa a dutsen niƙa, direbobin motar Gashua ma sun ji, saboda haka ka ɗauka ofishinku ya ji. Festus ya ce in ce ya ba da haƙuri. Wani ɗan dako ya fara wata magana, na ce masa duk wanda ya yi wa ƙanena dariya a rumfar nan, ko da kuɗinsa ba zai ci ba. Ya haɗiye sauran.

Na kwance igiyar ƙofa ana saura kaɗan a ba mai shayi wurin. A ranar, jirgin Kano ya shigo da yamma. Mutane suka tsaya suna kallon abin, wani ya ce faifai ne, wani ya ce gurasar da ba ta ƙoshi ba ce. Festus ya zauna ya naɗe wake da yaji a ciki ya ci, ya ce a ƙara. Sai mai zuba wa jirgi gawayi ya zauna, sai shugaban tasha ya aiko da kwano. Kafin magariba ƙullin ya ƙare, na tsaya ina ba mutane haƙuri, rabon da in yi haka tun bara. Ba kowa ya dawo ba, akwai masu cewa sai gero, ni ma ina jiran gero. Amma benci ya cika, kuma shugaban tasha ya ce wa mai shayi ya nemi wani wuri. Matan baƙin nan na Yusufari suna zuwa su tsaya a bakin murhu, ina nuna musu, tun da ba a asarar dusa.

Ka gaida mini Donya Amparo, ka ce mata wata mai faɗa a Nguru ta gode. Saudatu za ta aika maka da tattasai ka kai mata.

Saura abu ɗaya. Gefen gurasata yana tsagewa in ina tafawa, tsakiyar lafiya lau. In na ƙara ruwa sai ta manne. Festus ya ce in sa ka tambayo tsohuwar, na ce a'a. Kai nake tambaya, Laminu. Ruwan ne bai isa ba, ko niƙan ne bai kai ba? Ka amsa da wuri, ina da mutane a benci.

Yayarka,
Kaltum